Mijina ya kusa gama koyon tuƙin jirgin soja, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki bani shawara kaina ya kulle. Mijina ƙaramin hafsa ne a sojan sama, ya gama matakin farko na koyon tuƙi a Kaduna yanzu yana Kano, saura 'yan watanni a yaye su. Muna da yarinya ɗaya ko yaye ta ban yi ba. Tunda aka shiga zangon ƙarshen nan mutumin nan ya canza min, ya dawo gida ba hira ba dariya, ya ci abinci ya shige ɗaki ya zauna kan kujera gaban wani hoton cikin jirgi da ya manna a bango, ya rufe ido yana motsa hannu yana magana shi kaɗai, in na yi magana ya ce dan Allah in bari. Ƙawayena suna cewa in shirya, wai da zarar an liƙa masa bajon nan na matuƙan jirgi mata za su yi masa caa, kishiya ce za ta biyo baya. Ga shi kwanan nan na samu aikin koyarwa na gwamnatin jiha bayan na daɗe ina nema, shi kuma bai san inda za a tura shi ba, Hajiyarsa ta ce in ajiye aikin in koma Funtua wajenta har ya zauna da gindinsa. Sannan Anti tsoro nake ji, ranar da suke tashin dare bana runtsawa sai na ji ƙarar buɗe ƙofa. Ina so in ce masa ya roƙi a ba shi jirgin ɗaukar kaya ya haƙura da na yaƙi amma ina tsoron ya ce bana goyon bayansa. In ajiye aikin? In yi masa maganar yanzu ko in bari?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki yarinyar, Allah kuma ya sa ya gama lafiya.

Bari in fara da kujerar nan da hoton bango tunda naga shi yafi tsaya miki a rai. Wallahi ba aljanu bane kuma ba wulaƙanci yake miki ba, karatu yake. Duk wanda ya zauna kusa da masu koyon tuƙin jirgi ya san wannan zaman, mutum zai zauna kan kujerar roba ko bakin gado ya rufe ido ya ɗauka yana cikin jirgi, ya bi tafiyar gobe tun daga kunna inji har sauka, hannun dama kan sandar tuƙi na hagu kan abin ƙara wuta, bakinsa na maimaita abinda zai faɗa wa masu kula da tashi da saukar jirage a hasumiya da abinda zai taɓa in inji ya mutu ko wuta ta tashi, a jere ba tare da ya tsallake ko ɗaya ba. Dole ya haddace su kamar yadda yara ke tilawa a Islamiyya saboda a sama babu lokacin buɗe littafi. Jirgin da suke koyo da shi a Kano, L-39, jet ne mai kujera biyu gaba da baya, ɗalibi a gaba malami a bayansa yana kallon duk motsin da ya yi, kuma ba irin Super Mushshak ɗin Kaduna bane mai farfela wanda yake ba mutum ɗan sarari ya yi tunani, wannan kafin ka gama tunanin abu ɗaya ka wuce gari guda. Kowane tashi maki ake ba shi, in sun sauko a zaunar da shi a bi kurakuransa ɗaya bayan ɗaya ba sassauci, in ya faɗi ya sake faɗi magana ta je gaban manya, kuma ana cire mutum daga kwas ko da saura ƙiris, ya koma wani sashen na aikin sojan sama bayan duk shekarun da ya zuba tun daga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja. Toh kinga abinda ke kansa. Ga kuma in lokacin hunturu ne hazon Kano kaɗai ya isa ya hana tashi kwana da kwanaki, jadawali ya rikice, in gari ya washe a matse su su biya bashin, shi yasa ma ranar yayewar da aka ce muku kar ki riƙe ta da ƙarfi, tana matsawa.

Amma fa ban ce dan yana cikin matsi ki zama bango ba. Shiru daban, tsawa da zagi daban. Ke baki ce yana zaginki ba, kin ce yana cewa dan Allah ki bari, toh wannan ana iya zama da shi na ɗan lokaci. Abinda zan ce ki nema a wajensa ƙarami ne kuma bazai ƙi ba in kin zaɓi lokaci: ranar da ba tashi, bayan ya yi barci ya huta ya ci abinci, ki ce masa Abban wance na san abinda kake ciki kuma bana son in ƙara maka, amma ina so in ka dawo ka bamu ɗan lokaci ni da yarinyar nan kafin ka shiga karatu, ko na cin abinci ne, bayan nan bazan taɓa ka ba. Namiji in yana cikin irin wannan halin in kika ce masa ka canza, ba ka kula ni, abinda yake ji shine an ƙara masa jarabawa ta biyu a gida. In kuwa kika yanka masa abu takamaimai da zai iya, sai kiga ya yi har ya ƙara. Wasu matan ma karɓar takardar abubuwan da yake haddacewa suke su riƙa tambayar mijin yana amsawa da ka, ba sai kin gane me ake nufi ba, ke dai ki duba ko ya tsallake layi. In ya yarda ki gwada, zaki sha mamakin yadda hira ke ɓullowa ta nan.

Maganar ƙawaye. Ni bazan rantse miki cewa bazai ƙara aure ba, ba ni na halicce shi ba, kuma gaskiya ne kakin nan da bajon nan suna jan ido. Amma a duk abinda kika rubuto min babu alama ko ɗaya ta mace, mutumin da ke neman aure ba ɗaki yake shigewa ya yi magana da bango ba, wanka yake ya fesa turare ya fita. Ƙawayen nan me suka gani? Ba komai, labarin wata suka ji suka ɗora miki. Kar ki ɗauki tuhumar da ba hujja ki kai masa a makonnin da yake tsoron a kore shi, wannan irin maganar ko an shirya daga baya tana zama a zuciya, zai riƙa tuna cewa lokacin da ya fi buƙatarki zargi kika kawo. Ki rage ba su labarin gidanki.

Yanzu ga abinda nafi so ki ji, kuma shine dalilin da yasa zan ce miki kar ki ajiye aikin nan. Naga a wasiƙarki kamar kin ɗauka ranar yayewa ce ƙarshen wahala, daga nan a tura shi wani gari ku tattara ku zauna. Ƙanwata hangen Dala ba shiga birni bane. Bajon nan shaida ce kawai cewa ya iya tuƙi, bayansa akwai wani horon na jirgin da za a ɗora shi a kai. In ɓangaren yaƙi ne yawanci Kainji ake nufa, can jihar Neja kusa da New Bussa, inda Alpha Jet suke da Super Tucano guda 12 da aka kawo daga Amurka a 2021, Makurdi kuma can aka ajiye JF-17 da aka sayo daga Pakistan. Masu jirgi mai saukar ungulu Enugu da Fatakwal, manyan jiragen kaya irin C-130 suna Ikeja a Legas. Kuma ko an ce ga bes ɗinsa, wato sansanin da aka ajiye shi, ba lallai can zai riƙa kwana ba, daga can ake ɗibarsu a kai Maiduguri ko Yola ko Katsina su yi makonni ko watanni wajen aiki, ga kwasa-kwasai, wani a ƙasar waje ma, wanda ba a tafiya da iyali. Sai ki bar aikinki ki bar danginki ki tare a Kainji, bayan sati biyu sigina, wato takardar umarni, ta fito an tura shi Maiduguri, ki zauna ke da jaririya a garin da ba ki san kowa ba, daga can zuwa Kano kuma tafiya ce ta yini guda ga halin da hanyoyin suke ciki. Ga kwatas ma ba kullum ake samu nan take ba, ƙaramin hafsa yakan yi zaman jira, ko ya kama haya a gari ko ya zauna ɗaki ɗaya a mes, wato masaukin hafsoshi.

Toh akan me zaki ajiye aikin gwamnati, wanda kin fi ni sanin yadda kika sha kafin ki samu, saboda fostin ɗin da ko shi mai shi bai gani ba? Aikin jiha ba kasafai yake bin mutum wata jihar ba, in kin sake shi ya tafi kenan. Ki riƙe abinki har sigina ta fito a rubuce, ya je ya ga wajen da idonsa, ya samu ɗaki, ya san ko zama ne ko yawo. A lokacin sai ku zauna ku lissafa. In zama ne na gaske sai ki bincika a ma'aikatarku ko ana bada hutun da ba albashi kafin a kai ga maganar murabus, ki kuma tambaya ko makarantun cikin barikin suna ɗaukar malamai, yawancin manyan barikin sojan sama akwai firamare da sakandare, ga ƙungiyar matan hafsoshi NAFOWA suna da makarantu da wajen koyon sana'a. Malama da takardarta bata rasa aji. In kuma yawo ne, zamanki a Kano ya fi, akwai filin jirgi akwai bariki akwai asibitinsu, shi ma ya fi masa sauƙin leƙowa, ke kuma in an yi hutun makaranta ki ɗauki 'yarki ki je inda yake.

Ba kuɗin kaɗai nake duba miki ba duk da albashin ƙaramin hafsa ba wani abin a zo a gani bane a tsadar nan. Na zauna da matan bariki, waɗanda suka fi shan wuya ba waɗanda mazansu suka fi daɗewa a daji bane, waɗanda basu da abin yi ne sai jiran waya. Tun safe tana duba ko ya hau WhatsApp, in bai kira ba ta kira matar wane ta ji ko nata ya kira, ƙaramar jita-jita a kasuwar mami ta bariki ta hana ta cin abinci. Wadda ke da ɗalibai arba'in na jiranta a aji ƙarfe bakwai da rabi ita ma tana jin tsoron, amma dole ta tashi ta yi wanka ta fita ta yi magana da mutane, kuma wannan kaɗai yana riƙe mutum.

Hajiya kuma ki ɗauke ta da kyakkyawar niyya, a ganinta yarinya da goyo bai kamata a barta ita kaɗai ba, kuma ƙila ita ma tsoron take ji tana son jikarta kusa. Amma ba ke zaki ce mata a'a ba, ko kusa. Wannan magana ce tsakanin ɗa da uwarsa. Ki fara shawo kan mijinki ku tsaya a magana ɗaya, shi ya je ya same ta ya ce Hajiya aikin nan na gwamnati ne in ta bari bazai dawo ba, zan samo mata ƙanwarta ko wata babba ta zauna da ita, duk hutu kuma tana nan wajenki. Ke naki shine gaisuwa a waya ba fashi, ɗan saƙo in an yi albashi, kuma in hutun ya zo ki je ɗin da gaske ki yi kwanaki ba ki leƙa ki fito ba. In ta yi miki maganar kai tsaye kafin nan ki ce toh Hajiya duk yadda kuka yanke da shi, ki bar shi a nan.

Sai tsoro. Nan bazan rarrashe ki da ƙarya ba, aikin akwai haɗari. Kuma tunaninki na cewa jirgin ɗaukar mutane ko kaya shine tsira, ki tuna 2021: a watan Fabrairu jirgin King Air na sojan sama ya faɗi kusa da filin jirgin Abuja mutum bakwai suka rasu, a watan Mayu wani ya faɗi a Kaduna da babban hafsan sojan ƙasa Janar Ibrahim Attahiru da waɗanda ke tare da shi, duka biyun ba jiragen yaƙi bane. A shekarar dai, watan Yuli, 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a Zamfara, matuƙin, Abayomi Dairo, ya ja kujerarsa ta cilla shi waje ya sauka da laima, ya ɓuya ya yi ta tafiya cikin dare har ya kai wajen sojoji da ransa. Allah ne ya tsare shi, amma sababin shine abinda aka horar da shi ya yi shi ba tare da ya tsaya tunani ba, wato irin abinda mijinki ke maimaitawa gaban bangon nan da kike jin haushi. Kuma ki sani ba shi ke zaɓa ba, ana iya tambayarsu abinda suke so amma makinsa da buƙatar rundunar ne ke yankewa, wanda aka kai shi Kano kan jet ma kusan an riga an nuna inda aka dosa da shi. Saboda haka in kika ce ya je ya roƙa, abu kika ɗora masa da ba a hannunsa yake ba, kuma zai hau jirgi gobe da sanin cewa matarsa bata yarda zai iya ba. Matuƙi baya buƙatar wannan a kansa.

Ba cewa nake ki haɗiye tsoron ba. Ki faɗa masa, amma a matsayin tsoro ba a matsayin buƙata ba, kuma bayan an gama jarabawar ƙarshe. Ki ce ina alfahari da kai kuma ina jin tsoro, duka biyun. Ku yi yarjejeniya ya riƙa turo miki ko kalma ɗaya ce in ya sauka, ki kuma sa a ranki cewa rashin saƙo ba mugun labari bane, sau da yawa waya na cikin loka ko suna zaman bita, mugun labari a aikin soja ba ta shiru yake zuwa ba, mutane ake turowa. Daren da suke tashi ki yi alwala ki yi nafila ki yi masa addu'ar da kika iya ki kwanta, in barcin ya ƙi ki yi makin littattafan ɗalibanki. In kuma kinga abin ya wuce haka, kullum ba barci, gabanki na faɗuwa, ba kya iya cin abinci, kuka ba dalili, ga ki da goyo, ki je asibiti ki faɗa wa likita yadda kika faɗa min, ba rashin tawakkali bane. Kewar miji ma ba abin kunya bace, malamai na kawo cewa Sayyidina Umar da ya ji wata mata cikin dare tana kukan rashin mijinta da ke wajen yaƙi, sai da ya tambayi 'yarsa Nana Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya haƙuri, ya sa wa mayaƙa iyakar watannin da za su yi basu dawo gida ba.

Akwai wata magana da ba ki tambaya ba amma bazan rufe ban faɗa ba, kuma mata da yawa kunya da tsoron a ce suna yi wa miji fatan mutuwa ke hana su. Takardu. Yawancin yaran nan tun suna NDA ba aure suka cike fom ɗin wanda za a nema in wani abu ya faru, suka sa mahaifi ko wa, har su yi aure su haihu basu koma sun gyara ba. Bayan bikin yaye su in hankali ya kwanta ki tambaye shi cikin natsuwa: an shigar da aurenmu a ofis? an sa sunan yarinya? muna cikin inshorar lafiyarku? wa ke kan fom ɗin nan? Sa sunanki ba yana nufin kin cinye gado bane, gado shari'a ta riga ta raba Hajiya da Alhaji suna da rabonsu, magana ce ta wa za a kira kuma wa zai bi takardu. Ki san lambar aikinsa, ki san sunan rukuninsa, ki ajiye kwafin takardar aure da ta haihuwar yarinya a wajenki, ki samu lambar abokin kwas ɗinsa guda ɗaya mai hankali da matar wani babba da zaki iya kira. Ku kuma tsara yadda kuɗin cefane zai riƙa shigo miki duk wata ko yana inda ba sabis, kar ya zama sai kin jira ya samu netwok kafin a sayi madara.

Ranar bikin ki yi kwalliyarki ki je da Hajiya ki sa ta a gaba, ku ɗauki hotuna ku ajiye. Amma dan Allah inda aka tura shi, ranar da zai tafi, irin jirgin da yake tuƙawa, hotonsa gaban jirgi da sunansa a ƙirji, duk kar ki sa a sitatus ko Facebook, ki kuma roƙi ƙannensa su bari, waɗanda zai je yaƙa suna da waya suma kuma suna da masu kai musu labari a cikin gari. A makarantarku ma ba kowa zai san aikin mijinki dalla-dalla ba, ma'aikacin gwamnati ne ya wadatar.

In siginar ta fito ki sake rubuto min garin ta akwatin sirri, da abinda ya gani game da ɗaki, sai mu duba maganar aikin tare. Ki gaida Hajiya, ki shafa min kan yarinyar.